Bakinsa Ya Iya, Zuciyarsa da Saura

An yi wani bawan Allah a wani gari, tun karatun boko yana sabon abu, masu karanta takarda sai ɗai-ɗai. Sunansa Malam Sallau. Ku gyara zama ku saurara, 'yan uwana mata, don ba labarin daɗi zan ba ku ba.

Sana'arsa ɗinkin hula. Da girmansa ya koyi boko a ajin manya, gemunsa har ya fara furfura. Allah bai ba su haihuwa ba, shi da matarsa Hajo. Sun yi magani, sun yi addu'a, sun haƙura. Da ya iya karatu sai ya share zaurensa, ya shimfiɗa tabarmi, ya ce duk mai ɗa ya turo bayan la'asar. Ba ya karɓar komai. Yaran nan su ne 'ya'yansa, ba shi da wasu. In sun watse da magariba sai ya shiga gida ya yi ta ba Hajo labarinsu, wane ya yi kaza, wance ta faɗi kaza, har tuwo ya huce a gabansa.

Koyarwarsa a hankali take, kamar ɗinkinsa. Yaro zai karanta layi ɗaya, sai Malam ya ɗora tafin hannu ya rufe littafin.

"To, me ya ce?"

Yaro ya maimaita layin da ka.

"A'a, wannan bakin littafi ne. Da bakinka nake so. Ka ɗauka kakarka ce ta tambaye ka, ga ta nan zaune, kunnenta ɗaya ba ya ji."

Ranar Alhamis kuma kowa zai zo da kalma daga gida, wadda ya ji a bakin tsofaffi bai san ta ba. Wani ya kawo marka. Aka zauna a kanta har yara suka gane ba kowane ruwan sama ake ce wa marka ba, sai wanda ya wuni ya kwana yana zuba har katanga ta jiƙe ta zube. Wata yarinya kuma ta kawo shashasha.

"Ke kuma a ina kika tsinto wannan?"

"Iya ce ta faɗa wa Kaka, da ya bar awaki suka cinye mata shanya."

Zaure ya kwashe da dariya, Malam har da share hawaye. Ya ce, "Kalma ce, ku san ta. Amma kada in ji wani ya gwada ta a kan kakansa."

A cikin yaran akwai Hashimu, ɗan Sarkin Fawa Ɗanlami. Yaro mai kaifin ido, baƙi ba ya yi masa gardama. In ya kama karatu kamar ruwa a kan kwanon rufi, ba ya tsayawa, ba ya numfashi. Amma a rufe littafi a ce me ya ce, sai ya kama kallon azarar zaure. Malam yana son yaron nan, ku sani. Yakan ce da Hajo, "Ranar da Hashimu ya koyi tsayawa, babu kamarsa a ƙasar nan."

Shi kuwa Sarkin Fawa mutum ne mai faɗa a ji. Da ya ji ɗansa yana zuba karatu sai ya ga ai gari ya samu mai karanta takardu, kuma a ƙofar gidansa za a riƙa layi. Ranar nan aka yi suna a gidan. Bayan an shafa fatiha, ana rabon goro, ƙofar gida cike da maza, sai ya kira Hashimu ya miƙa masa littafi. Yaro ya zuba shafi guda ba ko tuntuɓe. Jama'a suka ɗauka, "Tubarkalla! Tubarkalla!"

Sarkin Fawa ya juyo yana murmushi.

"Malam Sallau, ga ɗanka nan. Gaya wa jama'a da bakinka. Ya iya ko bai iya ba?"

Ku saurara nan. Kalma biyu kawai ake so a bakinsa. Jiya-jiya aka aiko masa da cinyar rago daga gidan nan, ragowarta tana cikin tukunyar Hajo. Ga yaro yana kallonsa, ido yana ƙyalli. Malam ya dubi yaron. Ya san abin da ake so ya faɗa, ya kuma san abin da ya sani.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, bakinsa ya iya. Zuciyarsa da saura. A bar mini shi zuwa bayan girbi."

Wani ya yi tarin da ba na mura ba. Murmushin Sarkin Fawa ya bushe a fuskarsa.

"Da zuciya ake karatu a garinku? Mu dai da kunne muka ji. Mai hula, koma ka ɗinka hularka."

Daga ranar Hashimu bai sake taka zauren ba. Sai magana ta fara yawo. Aka ce hassada ce. Aka ce yana riƙe yara ne don su yi masa shara da ɗiban ruwa. Aka ce wanda bai haifa ba ina zai so ganin ɗan wani ya wuce shi. Kuma kada mu yi wa kanmu ƙarya, mu mata mu muka fi kai maganar nan gida-gida, a bakin rijiya da wajen daka. Yau a cire ɗa, gobe a cire 'ya, har zaure ya koma sai 'yan tsiraru a gefen tabarma ɗaya.

Hajo ta kasa haƙuri. Ta ce, "Malam, da ka ce ya iya, me zai ragu a jikinka?"

"Hajo, in na ce ya iya, gobe wani zai kai masa takarda ya dogara da maganata."

"To ga shi nan. Ka riƙe maganarka, ka saki 'ya'yanka."

Ya sunkuyar da kai a kan hular da ke gwiwarsa, allura tana shiga inda bai nufa ba. Amma la'asar na yi ya tashi ya share zaure, ya shimfiɗa tabarmin duka, har waɗanda ya san ba mai zama a kansu.

To akwai maƙwabciyarsu, Tabawa. Mijinta ya tafi ci-rani ya bar ta da 'ya ɗaya, Ladidi, ba a daɗe da yaye ta ba. Ƙazuwa ta kama yarinyar, tsakanin yatsu da ciki duk ƙuraje, ba barci sai susa. Tabawa ta goya ta har asibitin da ke garin kasuwa. Layi dogo, malamin asibiti yana sauri. Ya zuba mata magani fari kamar nono a kwalba, ya yi rubutu a 'yar takarda ya manna, ya faɗi wata magana da kukan yara ya hana ta ji.

Da ta dawo, hanyarta ta ƙofar zauren Malam Sallau ce. Yana zaune yana ɗinki.

"Sannu da hanya, Tabawa. Ya mai jiki? An samo magani?"

"Da sauƙi, Malam."

Ta tura kwalbar cikin mayafi, ta wuce. Kun ji? Ta wuce. Ya bi ta da ido har ta sha kwana zuwa gidan Sarkin Fawa, ya ce a ransa Allah ya ba da lafiya, ya koma kan allurarsa.

Abin da malamin asibiti ya rubuta shi ne: a shafa safe da yamma. Sai dai garin sauri ya ɗaga alƙalami a tsakiyar kalma, ya bar 'yar tazara tsakanin sha da fa. Hashimu ya karɓi kwalba a gaban mutane, ko daƙiƙa bai yi ba ya ɗaga murya.

"A sha fa, safe da yamma!"

Tabawa ta dubi kwalbar. Ta ce, "A sha? Ɗan nan, ƙurajen fa a fata suke."

"Ga shi a rubuce, Inna."

Sarkin Fawa ya ce, "Ke kin fi takarda sani ne? Har da 'fa' aka ƙara miki don kada ki yi wasa da shi."

Ku duba, matar da ba ta san baƙi ko ɗaya ba ita ce ta yi tambayar da ya kamata mai karatu ya yi. Aka rufe mata baki da takarda. Ta je gida, yarinya ta ƙi sha don ɗaci, ta matse mata hanci ta ɗura. Da safe ta ƙara. Kafin azahar Ladidi ta fara jijjiga, ido ya kafe. La'asar ba ta yi ba aka rufe mata fuska da zane. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Bayan an dawo daga kai ta, maza suna zaune a ƙofar gida ana zaman makoki, sai wani ya fito da kwalbar. Liman ya juya ta a hannu, shi ajami ya sani, ya miƙa wa Malam Sallau.

"Malam, duba mana. Me aka rubuta a nan?"

Malam ya duba sau ɗaya. Ya so ƙasa ta tsage ya shige, amma an tambaye shi, kuma bai taɓa karanta wa mutum abin da ba shi aka rubuta ba.

"A shafa aka rubuta. Na shafawa ne, ba na sha ba."

Salati ya tashi. Kafin ya lafa Sarkin Fawa ya miƙe tsaye.

"To jama'a, ni mahauci ne, wuƙa na sani, ban san baƙi ba. Wa ya koya wa yaron nan karatu? A gaya mini, wa ya koya masa?"

Ku saurara, don nan ne wurin. Duk mazan da ke kan tabarmin nan suna wurin suna. Da kunnuwansu suka ji Malam ya ce zuciyarsa da saura. Da idanunsu suka ga abin da aka yi masa a kan wannan magana. Malam ya bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Wannan yana jan carbi, wancan yana kallon ƙafarsa. Ba wanda ya buɗe baki.

Maganar tana kan harshensa. Ai na faɗa. In ya furta ta, shi ke nan, ya wanke kansa. Sai ya hango Hashimu can jikin katanga, leɓe ya bushe. Ya san in ya faɗi maganar nan, a kan yaron za ta sauka, kuma har ya tsufa sunansa wanda ya kashe Ladidi.

Ya ce, "Ni na koya masa."

Bai yi ƙarya ba, shi ya koya masa. Bai kuma ƙara ko kalma ɗaya ba.

Washegari 'yan tsirarun da suka rage ma aka tsare su a gida. Tabawa kuwa, in ta zo wucewa ta ƙofar zauren sai ta tofar da yawu. Ta fi kowa tsanarsa, don duk lokacin da ta gan shi sai ta tuna ranar da ya yi mata sannu ta ɓoye kwalba.

Hajo ta yi kuka har muryarta ta dashe. "Me ya hana ka tuna musu, Malam? Me ya hana?"

"Sun tuna, Hajo. Ba mantuwa ce ta rufe musu baki ba."

Sarkin Fawa ya tura Hashimu wurin dangi a wani gari. Da safen da zai tafi, yaron ya tsaya a ƙofar zaure da ƙunshin kayansa a ka. Ya buɗe baki, magana ta ƙi fita. Bakin nan mai zuba kamar ruwa. Malam ya ajiye hula ya taso ya dafa kafaɗarsa.

"Je ka, ɗana. Allah ya kiyaye hanya. Ban riƙe ka da komai ba."

Na san kuna jira in ce daga baya gari ya gane, an taru an zo an nemi gafararsa. Ba a zo ba. Ya yi shekaru yana share zauren nan, idonsa ya dushe har zare ya daina shiga allura. Da ya rasu, cikin damina ne, mutane suna gona, sahun sallar jana'izarsa bai kai faɗin zaurensa ba. Hajo ce ta naɗe tabarmin da hannunta. Sarkin Fawa kuwa da darajarsa ya mutu, ranar ko kasuwa ba ta ci ba. Haka aka yi. Hisabi yana can, ba a nan ba.

To 'yan uwana, ga abin da nake so ku tafi da shi. Karatun da bai sauka a zuciya ba ba karatu ba ne, ƙara ce kawai, kuma yana kisa. In ɗanki ya dawo yana zuba miki karatu, kada ki tsaya a tubarkalla. Zaunar da shi ya gaya miki ma'anar da bakinsa, ko da ke ba ki san baƙi ba. In malami ya ce miki ɗanki da saura, kada ki ɗauki mayafi ki tafi yi masa rashin mutunci. Wanda ya gaya miki ɗacin nan ya fi son ɗanki a kan mai yi miki daɗin baki.

Na ƙarshe shi ya fi nauyi. Kowace unguwa tana da nata Malam Sallau, kuma kun san shi. Kun san wanda aka ɗora wa laifin da ba nasa ba, kuna wurin, kuka ja carbi kuka yi shiru. In yana da rai, ku je yau, kada ku bari sai an fito da makara. Allah ya jiƙan wannan bawa nasa, ya saka masa da abin da muka hana shi. Mu kuma da muka gani muka kau da kai, Allah ya yafe mana.