Tabon Lambar Raliya

Ranar Talata, 12 ga Maris, 1968, gari ya waye da zafi a Jimeta, ko ganye ba ya motsi. A ranar ne masu rigakafi suka kafa teburinsu kusa da kasuwa. Yayana Jibrilla akawu ne, mutumin kirki, amma in ya san rabin abu ba ya yarda a ƙara masa sauran.

Ni na matsa masa muka kai 'yarsa Raliya, mai shekara uku, allurar ƙyanda. Da layi ya zo kanmu, sai ya naɗe hannun rigarta ya nuna tabon lambar agana da aka yi mata bara. Ya ce jininta ya riga ya yi ƙarfi, ko mura ba ta yi.

Ephraim, ma'aikacin lafiya, ya yi masa bayani a hankali. Ya ce fata da majina da hawaye suna tare kowace cuta ba zaɓe, amma akan fi ƙarfinsu. Bayan su akwai wata kariya a cikin jini, ita kuwa sai cutar da ta taɓa gani take ganewa.

"Malam, agana kaɗai jikinta ya sani. Ƙyanda baƙuwa ce a wurinsa."

Jibrilla ya yi dariya. "Ni za ka karantar? A huda mini yarinya sau biyu a kan abu ɗaya?"

Na ce wa yayana, "Hamma, ka bari a yi mata." Ya kalle ni, na yi shiru. Ni malamar makaranta ce, na fahimci Ephraim sarai, amma na ji nauyin yi wa yayana gardama a gaban jama'a. Haka muka koma gida ba a yi mata allurar ba.

Bayan mako biyar ƙyanda ta shiga unguwarmu. Raliya ta rayu, amma idanunta suka yi fari. Shekara huɗu Jibrilla yana yawon asibitoci da ita, yana cewa za ta gani. Na rubuta wa makarantar makafi wasiƙar neman gurbi, ya ƙi sa hannu, na ajiye ta a akwati.

Wata safiya Raliya ta ji yara suna wucewa, ta tambaye shi yaushe ita ma za ta fara makaranta. Sai Jibrilla ya juyo gare ni. Ya ce mini, "Kawo takardar nan." Ya sa hannu, ya taka da kansa zuwa gidan waya ya jefa ta.

Darasin shi ne, rigakafin wata cuta ba ya tsare mutum daga wata. Kowace da nata. Mai girman kai da ƙaramin sani yakan cuci wanda ya fi ƙauna. Wanda kuma ya gane gaskiya ya yi shiru don kunya, yana da nasa rabon a cikin laifin.