Waken da Ƙwaro Ya Ƙi Ci

An ce wai a garin Tudun Gawo an yi wani alƙali, Malam Zubairu, mai jinkirin magana da saurin fahimta. Wata safiya babban ɗan kasuwar hatsi, Alhaji Mamuda, ya janyo wata tsohuwa mai suna Tabawa zuwa gabansa, jama'a na biye suna tsine mata.

Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, shekaranjiya aka dafa wake a gidana, kafin la'asar 'yata Lantana ta rasu tana amai. Gidana kuwa ba a cin waken kowa sai na wannan matar. A bi mini jinin 'yata."

Tabawa dai kaɗan take nomawa, ta adana cikin toka da barkono yadda ta gada, waken nata duk huji, ba kyan gani. Baiwar Allah, ta kasa ko kare kanta, sai cewa take, "Wallahi shi nake ci, shi jikokina suke ci."

Alƙali ya sa aka kawo ragowar ɗanyen waken da aka ɗebi na girkin. Ya baza a faifai, sai ga shi iri biyu: wani mai huji, wani sumul kamar yau aka sussuke shi. Ya sa aka ware su ƙwarya biyu, aka kakkaɓe musu ƙwari daga wani tsohon buhu, aka rufe. Ya ce kowa ya tafi sai gobe.

Da aka buɗe, ƙwaryar mai huji ƙwari na ta shagalinsu. Ta sumul ɗin kuwa, duk sun mutu sun yi baƙi a gindi.

Alƙali ya ce, "Ƙwaro ba ya karɓar toshiya, ba ya kuma tsoron mai kuɗi. Ya ci na tsohuwa ya rayu. Alhaji, tambaya ɗaya ta hana ni sukuni: kai da shagonka ke cike da wake har rufi, me ya kai gidanka sayen mudun tsohuwa?"

Alhaji ya sunkuyar da kai. Ai ya san gubar fiya-fiya, maganin ƙwarin da yake kwarara wa buhunansa don su kai lokacin tsada ba huji, shi ya sa bai taɓa bari a kai gidansa ba. Amma dalilin, ko matarsa bai faɗa wa ba, don kada zance ya fita.

Sai matar, Hajiya Kulu, ta fashe da kuka daga bayan jama'a. Ta ce, "Wayyo ni! Baƙi muka yi, na Tabawa bai isa ba, na aika shago aka ƙaro. Na ce ai namu ya ma fi kyau. Lantana ce ta fara ci, tun baƙi ba su zauna ba. Alhaji, don me ba ka gaya mini ba?"

Kaico! 

Alƙali ya sallami Tabawa, ya sa waɗanda suka tsine mata su nemi gafararta. Ya ba da umarni a ƙone buhunan, a bincika gidajen da suka saya. Sa'an nan ya juya ga Alhaji, idanunsa sun kawo ruwa, ya ce, "Za ka amsa haƙƙin mutane a gaban shari'a. Na 'yarka kuwa ba ni da hukuncin da ya kai wanda ka riga ka yanke wa kanka. Ka tsare tukunyarka ka bar ta jama'a, ka manta duk daga kasuwa ɗaya ake cika su."

An ce har Alhaji ya tsufa, in ya ga wake sai ya kau da kai.

Shi ya sa masu hikima suka ce: abin da ba za ka zuba a tukunyarka ba, kada ka auna wa wani, domin mudun da ya fita ta ƙofar shago ya san hanyar gida.