Ranar da 'Yan Kallo Suka Riga Mu Faɗin Wasa

Yayana mutum ne mai baiwa, wannan ko wanda ba ya ƙaunarsa ba zai musa ba. Shi ya kafa ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo, shi ke rubuta mana wasa, shi ke raba wa kowa rawar da zai taka, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa Darakta yake ce masa. Aibinsa ɗaya ne, amma ba ƙarami ba: girman kai. Bai iya buɗe baki ya ce "na kasa" ba. In ka kawo masa shawara zai saurare ka har ƙarshe yana murmushi, sannan ya je ya yi abin da ya ga dama.

Mu goma sha ɗaya ne a ƙungiyar. Akwai tela, akwai malamar firamare da muke kira Malama, akwai mai gyaran rediyo, da ma'aikaciyar jinya, da ni ƙanwarsa, da sauransu. Kowa da sana'arsa, sai da yamma mu haɗu a wani tsohon ɗakin ajiya da ke bayan shagon telan, mai taga ɗaya da fankar da ba ta juyawa sai ta ga dama. Wasanmu da ya yi suna shi ne na wani direban motar haya da bai san hanya ba amma ya ƙi yarda, ya yi ta yawo da fasinjoji har mai ya ƙare. Mun yi shi a makarantu, mun yi a filin ƙwallo, mun yi a harabar asibiti, ba adadi. Har gobe ina alfahari da wasan nan.

Sai dai shekara bakwai ana ɗaukar benci a ka, ruwan sama yana korar mu a tsakiyar wasa, mutane sun gaji. Huɗu daga cikinmu sun faɗa ba ɓoye-ɓoye cewa in shekarar nan ta wuce ba a ga canji ba, su kam sun ajiye. Kowa ya san in huɗun nan suka tafi, ƙungiya ta watse ke nan.

Ana cikin haka wata gidauniya ta ba da sanarwar tallafi ga ƙananan ƙungiyoyin fasaha. Za ta ba da zauren wasa na wata shida, da fitilu, da abin ɗinka kayan wasa. Sharaɗinta guda ne, an ma ja masa layi a takardar: aikin ya zama sabo fil, wanda ba a taɓa nuna wa kowa ba. Yaya ya cike takardar, ya rubuta cewa zai yi wasa a kan mutanen da ke ƙetare kogi a jirgin ruwa. Allah cikin ikonsa aka zaɓe mu. Ranar da muka karɓi makullin zauren, telan nan da ya haura hamsin sai da ya hau dandamali ya yi tsalle. Ni kuwa kuka na yi, don daɗi.

To, daga nan aka shiga jiran rubutu. Wata ɗaya ya wuce, biyu suka wuce. Ni da muke gida ɗaya na san abin da ake ciki: zai zauna da biro da takarda tun safe, ya rubuta layi uku, ya yage, ya jefa a kwandon shara. Labarin ya ƙi zuwa, kuma wannan ba abin kunya ba ne, yana samun kowane marubuci. Amma in mun tambaye shi sai ya ce aiki ya yi nisa, mu daina damunsa. Malama ta ce ko mu zauna gaba ɗaya kowa ya kawo abin da ke kansa. Ya yi murmushin nan nasa ya ce wasa ba taron iyayen yara ba ne da kowa zai ɗaga hannu.

Saura sati uku jami'ar gidauniyar ta zo ganin inda muka kai, sai ga shi da takardu an buga tsaf. Ina karanta shafin farko na gane tsohon wasanmu ne. Direba ya zama matuƙin jirgi, mota ta zama jirgin ruwa, tasha ta zama bakin kogi. Ko man da ya ƙare bai canza ba, injin jirgi ne kawai ya shanye shi a wannan karon.

A hanyar gida na tare shi. "Yaya, wannan ai direbanmu ne ka tsoma a ruwa."

"Matar nan baƙuwa ce, ba ta taɓa ganin wasanmu ba," in ji shi. "Wa zai gaya mata? Ke?"

Ban gaya mata ba. Kuma gaskiya ba ni kaɗai ba, dukkanmu mun gane, dukkanmu muka yi shiru, saboda ba wanda ke son komawa ɗakin ajiya. Telan ya yi ta gunaguni, amma ya ɗinka kayan.

Gidauniyar ba ta nemi taro ba, atisaye kawai jami'ar za ta zauna ta kalla ita kaɗai. Amma ina, Darakta ya ce sai ta ga irin jama'ar da yake da ita. Ya bi gida-gida, shago-shago, ya gayyato unguwa kaf. Ran nan da la'asar zaure ya cika maƙil, har a bakin taga mutane ne. Jami'ar, wata dattijuwa mai tabarau, ta zauna a sahun gaba da ɗan littafinta a cinya.

Minti biyar na farko komai lafiya. Sai aka zo wurin da fasinjoji ke tambayar matuƙi ko ya tabbata nan ce hanya. Mai gyaran rediyo, wanda ke fitowa a matuƙin, ya dafa ƙirjinsa ya ja numfashi kamar yadda ya saba yi shekara da shekaru. Bai kai ga buɗe baki ba, zauren gaba ɗaya ya ɗauka da murya ɗaya:

"Na san hanyar nan kamar yunwar cikina!"

Aka fashe da dariya, aka hau tafi. Ba da mugunta suka yi ba, wallahi ƙauna ce, sun ga abin da suka sani ne suka yi murna. Wata tsohuwa da ke zaune bayan jami'ar har ta taɓa mata kafaɗa, ta ce mata ta gyara zama, yanzu mai zai ƙare, nan ne wurin da ya fi ban dariya, ita wannan ne kallonta na tara. Ina kan dandamali na ga jami'ar ta rufe littafinta a hankali. Na manta abin da zan faɗa.

Akwai ƙofar tsira, kuma telan ya raɗa masa ita a gefen labule: a bari wasa ya ƙare, sannan a ce mutanen unguwa sun saba leƙen atisayenmu ne ta taga. Ƙila ma ta yarda. Na hango Yaya tsaye, gumi ya jiƙa masa riga. Sai na ga ya tako zuwa tsakiyar dandamali ya ɗaga hannu. Zauren ya yi tsit.

"Ranki ya daɗe," ya ce, "abin da kike kallo ba sabo ba ne. Tsohon wasanmu ne na sauya wa suna. Na zauna in rubuta sabo na kasa, kuma na ji kunyar in faɗa. Mutanen nan da ke bayana sun ba ni shawara, na ƙi ji. Laifin nawa ne, kada a haɗa da su."

Tun da nake da shi ban taɓa jin kalmar "na kasa" a bakinsa ba sai ran nan, kuma a gaban unguwa kaf ya faɗe ta. Kunya ta kama ni, amma a lokaci guda na ji wani irin alfahari da shi wanda duk tafin da aka taɓa yi masa bai sa na ji ba.

Bayan sati ɗaya takarda ta zo. An janye tallafin, mu mayar da makulli. Amma an ƙara da cewa, saboda ya faɗi gaskiya da bakinsa, ƙungiyar na iya sake nema a zagaye na gaba, da sharaɗin sunansa ba zai fito a matsayin shugaba ko marubuci ba.

Muka koma ɗakin ajiya muka zauna. Huɗun nan suka miƙe suka ce su dai sun gama. Mai gyaran rediyo ya ce ai ƙungiyar ta Darakta ce, shi ya haife ta, in ba sunansa gara a rufe kowa ya kama gabansa. Kowa ya zuba wa Yaya ido, don mun san da ya ga sunan wani a wurin nasa, gara masa a watse. Ya jawo sabuwar takardar neman tallafin, ya rubuta sunan Malama a gurbin shugaba, ya tura mata. Ya ce in za a karɓe shi, shi zai riƙa jan labule da jera kujeru. Ya roƙi huɗun su ba mu wata huɗu kacal. Suka kalli juna, suka koma suka zauna.

Haka muka zagaye teburin yankan telan muka rubuta sabon wasa, a kan mutanen da ke zaman jiran likita, daga abubuwan da ma'aikaciyar jinyarmu ke gani kullum. Kowa ya sa baki. Yaya ma yana kawo nasa, wani lokaci a karɓa, wani lokaci Malama ta soke da jan bironta na makin jarrabawa. Sai in ga ya cije leɓe, ya ce a ci gaba. Da zagaye ya zo aka sake zaɓen mu, kuma mu goma sha ɗayan nan ba wanda ya fita.

Shi ya kai takardar tallan wasan wurin masu buga takardu, shi ya karɓo, shi ya bi titi yana mannawa, ina riƙe masa gam. A bakin wani shagon aski, mai askin ya fito ya karanta sunaye goma daga sama har ƙasa, ya sake karantawa.

"Darakta, ai sun manta da sunanka."

"Ba su manta ba," in ji Yaya, yana shafa gefen takardar don ta kama bango. "Ni na cire."

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Wanda aka ba tallafi don ya ƙirƙiro sabon abu, amana aka ba shi, kuma sauya wa tsohon aiki riga cin amana ne ko da ba a gano ba. Kasawa ba abin kunya ba ce, ɓoye ta saboda girman kai shi ke jawo asara, har ta shafi waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. In aiki ya gagare ka, faɗa da wuri, ka nemi hannun abokan aikinka. In kuma ka riga ka yi kuskure, ka amsa shi da bakinka, ka fifita aikin a kan sunanka.