Waliyyin da Aka Ɗaura Aure Ba Ya Nan

Akwai wani dillalin albasa a Illela, Alhaji Maccido, mutum mai son a ce da shi babba. Ciwo biyu Allah Ya jarrabce shi da su: hawan jini, da wata larurar ƙwaƙwalwa da in ta motsa barci ke ƙaurace masa, bakinsa kuma ya ƙi tsayawa.

Likita a Sakkwato ya ɗora shi kan magani, ya samu lafiya ƙalau har shekara uku.

To amma ku ji halin Alhaji. Maganin hawan jini a gaban jama'a yake shan sa, har da gyaran murya, tunda ai ciwon manya ne. Ɗayan kuwa ko matarsa Baraka ce ta ambace shi sai ya leƙa ƙofa, kada wani ya ji.

Da auren Shahida ya matso, 'yar marigayi wansa da ya riƙa tun tana yaye, sai ya yanke shawara shi kaɗai. Shi ne waliyyi, shi zai ba da ita ga mutanen Kalmalo. Maganin kuma yana sa shi kasala da rawar hannu. Yaya za a yi surukai su ga hannun waliyyi na rawa?

Kullum Baraka ta miƙa masa ƙwayar, sai ya ɓoye ta ƙarƙashin harshe, in ya fita ya tofar.

"Alhaji, kwana huɗu ba ka yi kwana ba. Kana dai shan maganin ga?"

"Mi kike nuhi? Ba ke kika ba ni da hannunki ba?"



Ranar ɗaurin aure ƙofar gida ta cika. Liman ya tambayi waliyyin amarya. Alhaji ya miƙe tsaye, alhali a zaune ake ba da aure. Ya fara da godiya, ya zarce tarihin kakansa, ya shiga farashin albasa. Kafin a ankara ya nuna uban ango da yatsa, ya ce masunta irinsu ba su isa haɗa zuri'a da shi ba, warin kifi ma ya ishe shi.

Wallahi ba wanda ya yi dariya. Dattawan Kalmalo suka ɗauki takalmansu.

Ƙanensa Yari ne ya rungume shi ya sa a mota. Shi ne kuma ya yi ta zarya Kalmalo yana ba da haƙuri, har aka ɗaura auren bayan mako biyu. Yari ya ba da Shahida, Alhaji na gadon asibiti.

Da hankalinsa ya dawo, ya so ya ɗora wa Baraka laifi, wai me ya sa ba ta lura ba. Ta ce, "Ni iyakata in sa maka a hannu, Alhaji. Haɗiyewa taka ta."

Wata guda bai taka kasuwa ba saboda kunya. Ciwon ba shi ya ɗora wa kansa ba, ya sani. Amma tofar da ƙwayar nan, da hankalinsa garau ya yi ta, kuma wannan ne ke cin sa.

Daga ƙarshe ya tafi Kalmalo. Ya durƙusa gaban uban ango, ya faɗi sunan ciwonsa da bakinsa, ya faɗi abin da ya yi da maganin. Dattijon ya yafe, ya sa aka kira Shahida.

Ta zo ta durƙusa. Alhaji ya kasa ɗaga kai.

"Ɗiyata, ki gahurta mani."

"Na yahe, Baffa. Zagin bai yi mani ciwo ba, na san ba kai na ba. Ni dai kai nis so ka ba da ni."

Wannan kam ba abin da za a sake ba ne.

Darasi: Ciwo jarrabawa ce, ba abin kunya ba, na jiki ne ko na ƙwaƙwalwa. Iyali za su tuna maka, likita zai rubuta, amma kula da kanka naka ne. Kada ka yanke magani ba da sanin likita ba. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani na ɓoye nasa yanzu haka.