Kujerar Manaja Sallau

Ƙawata, matso ki ji. Bara Manaja Sallau ya ce ma'aikata su riƙa aiki daga gida, har ya sayar da kujerun ofis, ya bar tasa kaɗai. Rannan ya juya: "Kowa ya dawo. Wanda ƙarfe takwas ta yi ba ya kan kujera, ko ni ne, korarre ne."

Barira mai buga takardu ta yi sammako, ta yi bisimilla, ta haye kujerar Manaja.

"Tashi, Barira."

"Ranka ya daɗe, saura minti biyu. In na tashi, ni aka kora. In na zauna, kai ne. Ni kuwa marayu nake ciyarwa."

Ya dubi agogo, ya share gumi. "Ku koma gida, sai na neme ku."

Don Allah kar ki faɗa wa kowa, mijin yayata ne.