Burtsatse Ɗaya, Alkawari Biyu

Akwai wani matashi a yankin Malumfashi mai suna Abdussamad. Ya karanci kimiyyar siyasa a jami'a, ya gama bautar ƙasa, ya dawo gida da kwamfuta a jaka, kansa cike da dabaru.

Ba a daɗe ba wani ɗan kasuwar hatsi, Alhaji Bature, da ke neman kujerar majalisar wakilai ta tarayya, ya ɗauke shi aiki a ofishin kamfe. Alkawarin a fili yake: in aka ci zaɓe, Abdussamad zai bi shi Abuja a matsayin mataimaki na musamman. Mahaifiyarsa har ta fara sanar da maƙwabta.

Mako biyu ya yi yana bin sakamakon zaɓukan baya. Ya gano cewa cikin gari kullum kusan kunnen doki ake yi. Ƙauyukan nesa kuwa kowa ya san inda suke kaɗawa. Mai raba gardama ita ce wata gunduma a bakin gari, Kwarin Ɗinya. Da can gonaki ne da 'yan gidaje. Yanzu gari ya cim mata, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti sun sayi filaye sun yi gini. Kuma duk ɗan takarar da Kwarin Ɗinya ta zaɓa, shi ke tafiya Abuja.

Sai ya ɗauko rajistar masu zaɓe. Sunan Musulmi ya shafa masa kore, sunan Kirista ya shafa masa shuɗi. Da ya ƙirga, kusan rabi da rabi.

"Ranka ya daɗe, ga sirrin!" ya ce wa Alhaji Bature. "Jama'a biyu ce a gunduma ɗaya. Ka bar min su."

A gefe akwai Malam Jibril, tsohon dillalin masara da ya daɗe yana yawon kamfe, bai taɓa shiga aji ba. Ya dubi takardar ya ce, "Ɗana, ka taɓa shan ruwa a Kwarin Ɗinya?"

Abdussamad ya yi dariya. "Baba Jibril, yanzu da alƙaluma ake siyasa, ba da shan ruwa ba."

"To, madalla. Amma takarda ba ta san wa ya haifi wa ba."

Babbar damuwar Kwarin Ɗinya ruwa ce, kuma rijiyar burtsatse ɗaya Alhaji ya yarda zai haƙa. Ranar Juma'a bayan an sauko, Abdussamad ya ja Malam Mahadi Abdullahi, shugaban kwamitin masallaci, gefe.

"Malam, a bakin masallaci za a haƙa. Mutanen cocin nan sun daɗe suna danne ku. Wannan karon ku ne a gaba. Amma magana ta tsaya nan."

Mahadi ya dube shi ya ce, "To, mun ji."

Ranar Lahadi ya tari Habila Dogo, dattijon coci, bayan an tashi daga sujada.

"Baba, a bakin coci za a haƙa. Mutanen masallacin nan sun daɗe suna danne ku. Kada dai kowa ya ji."

Habila ya gyara hula ya ce, "To, mun ji."

Abdussamad ya koma gida yana jin kamar ya riga ya sauka a Abuja.

Bayan kwana huɗu Mahadi ya kira shi a waya. Ranar Asabar akwai gayyar girbin dawa, duk gundumar za ta hallara, ya zo a gan shi. Abdussamad ya cika bayan babur ɗin ofis da fastocin kamfe ya tafi.

Ya tarar da gona cike da mutane, ana yanka ana ɗaurin dami. An ɗan tsaya cin abinci. A ƙarƙashin wata ɗorawa ya hango mutum biyu sun sa kwanon dambu ɗaya a gaba, hannuwansu na haɗuwa a ciki.

Mahadi ne da Habila.

Abdussamad ya taka birki. Ya so ya juya babur, amma an riga an gan shi.

"A'a! Ga mai burtsatsenmu!" in ji Habila da ƙarfi. "Na bakin coci!"

"Haba Yaya," in ji Mahadi, yana lasar yatsa. "Ai na bakin masallaci ne. Ko ba haka ba, ɗan boko? Faɗa masa yadda ya daɗe yana danne ni."

Gona ta kwashe da dariya. Abdussamad kuwa kalma ɗaya ce ta tsaya masa a kunne. Yaya?

Wata dattijuwa da kowa ke kira Tsohuwa, mai gonar, ta taso tana dogara sanda. Dariya ta ɗauke.

"Kai ne ka shafa wa 'ya'yana fenti?" ta ce. "An ce ɗaya kore, ɗaya shuɗi."

"Inna, 'ya'yanki? Ai sunayensu..."

"Ciki ɗaya, nono ɗaya. Ubansu Dogo Bamaguje ne har ya koma ga Mahaliccinsa. Wannan ya tafi makarantar mishan ya dawo Habila. Wannan ya bi malami zuwa Funtua ya dawo Mahadi, ya sa Abdullahi a takarda. Rufin masallacin da ka tsaya a gindinsa kana gulma, Habila ne ya buga shi da hannunsa, kafinta ne. Shiga duk gidan da kake so a kwarin nan, haka za ka tarar."



"Mu a nan, in an gama gayya ake zama a kan zaɓe," in ji Mahadi, yanzu babu wasa a muryarsa. "Har baƙin da suka sayi filayenmu suna zuwa. Abin da aka tsayar, shi ake yi. Yau ne zaman."

Nan Abdussamad ya tuna. Alƙalumansa sun nuna masa tun ranar farko cewa gundumar nan ba ta taɓa raba ƙuri'arta ba. Ya gani da idonsa, bai tambayi dalili ba.

Ya koma da fastocinsa ko ɗaya bai raba ba. Kunya ta hana shi faɗa wa kowa a ofis. Ya yi shiru yana fatan za a manta.

Ba a manta ba.

Ranar zaɓe Alhaji Bature ya yi abin kirki a cikin gari. Ƙauyukansa ma ba su ba shi kunya ba. Sai sakamakon Kwarin Ɗinya ya iso: cikin ƙuri'a fiye da dubu uku, arba'in da ɗaya ya samu. Kujerar gaba ɗaya da ƙuri'a ɗari shida da 'yan kai ta kufce masa.

"Innalillahi! Arba'in da ɗaya?" Alhaji ya riƙe kai. "Me na yi wa mutanen nan?"

Malam Jibril, wanda sai a ranar labarin ya iso masa, ya zayyana masa komai. Alhaji ya juyo ya dubi Abdussamad kamar bai taɓa ganinsa ba.

"Da sunana ka je raba wa da ƙani? Ajiye makullin babur ɗin, ka fita."

Wata uku Abdussamad bai iya bin hanyar Kwarin Ɗinya ba. Ranar da ya daure ya je neman gafara, ya tarar sun yi gayya sun haƙa rijiyarsu da kansu, a ƙofar gidan Tsohuwa, tsakanin masallaci da coci.

Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta sa aka jawo guga, ta cika moɗa ta miƙa masa.

"Sha," ta ce. "Da nan ya kamata ka fara."

Darasi: Ilimi alheri ne, amma mutane ba launi ba ne a kan takarda. Kafin ka ƙirga jama'a, je ka zauna da su ka san su, kuma kada ka raina dattijon da ya riga ka taka ƙasar. Wanda ya nemi matsayi ta hanyar raba 'yan'uwa, kansa yake haƙa wa rami. Ku tura wa duk wani matashi da ke shirin shiga kamfe, ko ɗaya ya tsira.