Zoben Magini a Hawa na Bakwai

To, ku gyara zama. Kai mai waya, kife ta, don ba zan maimaita ba. Shari'a na kawo muku yau, kuma ba wanda zai tashi daga tabarmar nan sai ya faɗi nasa.

A Minjibir akwai wani tsohon magini, Malam Tsalha. Shekara arba'in ya yi yana gini a birnin Kano, gidajen manya da otal-otal ba adadi, amma bai taɓa kwana ko sau ɗaya a ɗakin da hannunsa ya shafe ba. Kun san magini: ranar da aka sa ƙofa aka kawo makulli, ranar ake sallamarsa. 'Ya'yansa uku. Hambali ne ɗan fari, direban tasi a Kano. Sai Sahura, mai yi wa amare lalle, tana aure a Fagge. Sai auta Nafi'u, ƙaton saurayi mai ƙirji kamar ƙofar gari, yau yana gyaran waya, gobe yana filin ƙwallo.

Malam Tsalha mutumin da ne, yana kunyar ɗan fari. Tun da aka haifi Hambali bai taɓa furta sunansa ba, sai dai "kai" ko "wannan yaron", ga shi kuwa har furfura ta fara fito wa yaron. Sahura kuma "uwata", Nafi'u "autana na kaina". Hambali ya san al'ada ce, amma sanin bai hana abin cin ransa ba. Kishin ƙannensa yake yi, ba wani ɓoye-ɓoye, kishi mai hana mutum jin daɗin tuwo.

Tsohon yana da zoben azurfa mai zanen tauraro, wanda ubangidansa ya ba shi ranar da ya yaye shi daga koyon gini. Duk su ukun da idonsu a kan zoben nan suka girma.

Ana nan idon tsoho ya fara dushewa. Likita ya duba ya ce ciwon ya ci jijiya, aiki ba zai yi amfani ba, saura 'yan watanni idon ya rufe. Da suka koma gida sai ya tara su ya ce akwai wani dogon otal a Kano da ya yi wa shafen hawa na bakwai. A ɗakin ƙarshe, ƙarƙashin tagar da ke kallon Dala, ya danna zobensa a ɗanyen siminti, yadda wasu magina kan bar alamarsu inda mai gida ba zai gani ba. Da aka buɗe otal ɗin, shi kuma ya ci ado ran Sallah ya je don ya ga aikinsa, mai gadi ya mayar da shi daga bakin ƙofa. Sunan wurin kuwa bai riƙe ba, don da boko aka rubuta shi.

Ya ce, "Ina so in kwana a ɗakin nan kafin idon ya rufe. Kuma ni ba na sauka a wuri in tashi ban bar wa mai masaukina komai ba. Zoben nan na mai masauki ne."

Kai! Sai kowa ya gyara zama kamar yadda kuka yi yanzu.

Nan aka fara gardamar zaɓe. Sahura ta ce ina za a gano ginin shekara talatin da wani abu a Kanon yau? Akwai sabon otal da take kai wa amare aiki, bango duk gilashi, ga wurin ninƙaya, ga ƙamshi tun daga ƙofa, a kai Baba can, ai idonsa ba zai bambance ba. Nafi'u ya zaro waya ya shiga nuna hotunan gadaje, wai wannan har kiɗa yake yi in ka kwanta. Hambali ya ce Baba ba gado ya tambaya ba, ɗakinsa ya tambaya. A ransa kuwa cewa ya yi, wannan karon sai tsohon nan ya kira sunana da bakinsa.

Kwana tara Hambali ya ajiye ɗaukar fasinja yana bin dogayen benaye ɗaya bayan ɗaya. Wani wurin a ce an rushe na da, wani wurin masu gadi su yi masa kallon mai tabin hankali. Ya bi tsofaffin magina a Kurna da Rijiyar Lemo, ya sha shayin da bai yi niyya ba, ya saurari labaran da ba su da ƙarshe, har aka haɗa shi da wani dattijo da ya yi wa Malam Tsalha lebura a wancan aikin. Ya ɗauke shi a mota suka yi ta zagaye, sai dattijon ya ce a tsaya, ya gane wata tsohuwar bishiyar maɗaci a bakin titi. Ashe otal ɗin sau biyu yana sauya suna, an lulluɓe shi da farin dutse da fitilu, ya zama wurin da manyan baƙi ke rububin sauka. Ba don Hambali ba, da an kai tsohon nan ɗakin da wani ya gina. Sai dai in faɗa muku gaskiya, kwana biyu ya ɓoye wa ƙannensa sunan wurin, don ya je Minjibir ya yi albishir shi kaɗai. Ya je, ya durƙusa, ya faɗa. Tsoho ya sunkuyar da kai ya ce, "To, madalla." Shi ke nan abin da ya samu.

Da aka je kama ɗaki sai aka tarar da wata sabuwa. Wani attajiri zai aurar da 'yarsa, ya kama hawa na bakwai gaba ɗaya, bayan biki kuma za a rufe hawan wata huɗu a sake bango da tagogi. Wata huɗu! Idon da ake ƙirga masa kwanaki. Hambali ya yi magiya, ya yi faɗa, ya koma magiya, aka ba shi haƙuri da murmushin nan nasu mai sanyi.

Sai Sahura ta yafa mayafi ta nemi gidan uwar amarya, ta zauna a tsakar gida tun hantsi har azahar kafin a ce ta shigo. Ta ba da labarin mahaifinta. Hajiyar ta ce ɗakin ƙarshen nan na ƙanwar ango ne, amma mai lallen da suka ɗauko daga nesa ta fasa zuwa, in Sahura za ta iya da amarya da ƙawayenta arba'in kafin ranar kamu, a ba ta ɗakin kwana biyu. Mutum arba'in da ɗaya, hannu da ƙafa, aikin mata huɗu ne. Sahura ta yi shi ita kaɗai cikin kwana uku, a durƙushe, har yatsunta suka kumbura ta kasa riƙe cokali. Ba don Sahura ba, da Hambali ya gano ƙofar da ba za ta buɗu ba. Amma ita ma ba ta bar ladanta ya huce ba, don tun daga ranar ba ta ƙara cewa "ɗakin Baba" ba, sai "ɗakin da na samo". Duk lokacin da ta faɗa, Hambali sai ya ji kamar an watsa masa barkono.

Ranar tafiya tsoho ya sa farar riga da hula, Hambali ya tuƙo su. Suna isa ƙofar gilashi ta buɗe da kanta, sanyi ya bugo su, ƙasa tana sheƙi har mutum na ganin fuskarsa. Malam Tsalha ya tsaya cak, ya tuɓe takalmansa ya riƙe a hannu, ya ce a nuna masa ƙofar ma'aikata. Da ƙyar aka lallaɓa shi ya shiga. Da aka kai shi bakin lifta, akwatin ƙarfen nan mai hawa da mutane sama, sai ya ja da baya. Ya ce shi ya san ramin da ke ƙarƙashinta, da idonsa ya leƙa shi tun ba a rufe ba, wallahi ba zai tsaya a kansa ba. Matakala kuwa gwiwarsa ba ta kai hawa ɗaya. Ga baƙin biki sun fara kallo, kunya ta kama shi, ya ce a mai da shi gida, ya yafe.

Hambali ya yi bayani har muryarsa ta fara tashi. Sahura ta fara hawaye. Nafi'u, wanda bai tsinana komai ba tun da aka fara, ya miƙa wa yayarsa wayarsa, ya durƙusa a gaban tsoho ya ce, "Baba, hau. Ai ka goya ni, yau ranata ce." Ya goya mahaifinsa a gaban manyan mutane masu manyan riguna, ya kama matakala. A hawa na biyar ya gurɗe idon sawu, bai sauke shi ba, yana tafe yana ba shi labarin banza don kada ya ji nishinsa. Ba don Nafi'u ba, da wahalar Hambali da ta Sahura ta ƙare a bakin lifta. Hambali na biye da su riƙe da takalman tsoho, yana jin "Allah ya yi maka albarka, autana" a kowane hawa, sau bakwai cur. Auta kuwa ko numfashi bai gama mayarwa ba ya sa aka ɗauke shi hoto ya tura wa dangi.

Ɗaki kam ya amsa sunansa. Gado kamar fili, labule har ƙasa, kafet mai nutsar da ƙafa. Tsoho ko kallonsu bai yi ba. Ya lallaba bango har taga, ya durƙusa, ya zura hannu ƙarƙashin katakon da aka yi wa wurin ado, yana shafawa. Can sai hannun ya tsaya. Ya zare zoben ya kai wurin, zoben ya zauna daram cikin gurbinsa. Ya ɗago kai, ga Dala can rana na gangarawa bayanta, dishi-dishi yake gani amma ya gane ta. Mutumin da ba su taɓa ganin hawayensa ba ya yi kuka kamar yaro, yana cewa, "Ashe bai tsage ba. Aikina bai tsage ba."

Kwana biyu ya yi. Ya yi wanka da ruwan zafi na bango, ya sha shayi a bakin taga, ya hana a ja labule.

Da safiyar tafiya ya ce a kira masa mai masauki. Aka rasa yadda za a yi, aka kira manaja. Tsoho ya miƙa masa zobe da hannu biyu. Sahura ta dafe ƙirji. Manajan, mutum mai hankali, da ya ji labarin sai ya rusuna ya ce, "Baba, ai mu shimfiɗa kawai muka yi, a gidan da kai ka gina. Mai masaukinka yana cikin waɗanda suka kawo ka." Ya ajiye zoben a farantin shayi ya fita.

Sahura ce ta fara, ta buɗe tafukanta ta ce a dubi yatsunta. Nafi'u ya ɗaga ƙafarsa mai ɗauri ya ce, "Yaya, ɗaki a sama yake, wa ya kai Baba can?" Hambali ya buɗe baki, abin shekara arba'in ya taso masa, ya ce shi ba shi da kumburin da zai nuna, nasa a ciki yake, kuma da bai gano gidan ba da ba wanda zai yi lalle ko goyo. Ya ce, "Baba, kowa ka sa masa albarka da sunansa. Ni fa?"

Tsoho ya juya fuska wajen taga. Leɓensa ya motsa, kunya ta riƙe sunan. Ya ce, "Wannan yaron ya nemo, uwata ta buɗe, autana ya hau da ni. Zobe kuwa yatsa ɗaya yake shiga. Na yi alkawari, kuma ba zan mai da shi hannuna ba."

Kafin damina ta faɗi idon ya rufe gaba ɗaya. In aka tambaye shi abin da ya gani na ƙarshe da kyau, sai ya ce Dala, ta tagar da ya shafe. Zoben yana ƙulle a bakin rawaninsa, su ukun kuma kowa na zuwa gaisuwa a ranar da ya san ɗan'uwansa ba ya nan. Tsohon ya aiko a tambayi masu hankali, ni kuma ban ga wasu ba sai ku.

To, wanda ya gano gidan, da wadda ta samo ɗakin, da wanda ya goya shi har taga, wane ne mai masaukin Malam Tsalha? Wa za a sa wa zoben?